Ranar da Halina Ta Bi Hagu

Halina ba baƙuwar tuƙi ba ce. Tun tana budurwa a Poland take jan motar raba burodi, laka da dusar ƙanƙara ba su taɓa zaunar da ita a gida ba. Amma da suka ƙaura zuwa tsibirin nan na arewacin Scotland ta ga kowa na bin hagu, sai ta ce ita kam ta yafe. Mijinta Leszek ya riƙe makulli, ita ta riƙe aikinta na feɗe kifi a masana'anta, shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Sai ƙodar Leszek ta gaza. Duk bayan kwana biyu sai an kai shi asibitin gari an yi masa wankin ƙoda, ya fito kamar tsumman da aka matse, likita kuma ya hana shi taɓa sitiyari. Ɗansu Kuba da ke Glasgow bai yi wani kwana-kwana ba.

"Mama, in ba za ki iya ba ki faɗa. Ku rufe gidan nan ku dawo wurina, ga asibiti a bakin ƙofa."

Leszek ya ce gara a binne shi a kunyar dankalinsa da ya ƙare a saman bene yana kallon rufin mutane. Halina ta ɗauki makulli.

Cikin gari ba ya ba ta wahala, akwai layi a ƙasa, akwai mota a gaba, bi kawai. Hanyar ƙauyensu ce jarabar. Siririya ce, mota ɗaya ke cika ta, sai ɗan faɗi da aka bari nan da can don a kauce wa juna. A irin wannan hanya babu hagu babu dama, tsakiya ake bi, har sai wata mota ta ɓullo daga bayan tudu. A nan ne hannun Halina ke yin abin da ya saba. Kafin kanta ya ce hagu, hannu ya riga ya murɗa dama.

"Hagu, tsohuwa, hagu! Hannun da ba kya cin abinci da shi!" in ji Leszek.

"Rufe mini baki, ko in sauke ka ka bi tumaki a ƙasa."

A makon farko saura ƙiris ta yi karo da mai raba wasiƙu. Bayan nan kuwa sai abin ya zama kamar sa'a. Ta murɗa dama, motar da ke zuwa ta sulale ta ɗaya gefen, direban ya ɗaga mata yatsa daga kan sitiyari kamar yadda ake gaisawa, ya wuce. Leszek ma ya daina ihu. Ta ɗauka ciwo ne ya cinye masa murya.

Ta gaji, gajiyar da barci ba ya wankewa. Ta tsaya kan kifi har ƙafa ta kumbura, ta zauna a bencin asibiti da shayin da ya huce, sannan ta kamo hanyar gida wuyanta a sandare, tana jiran tudun da zai tona mata asiri. Ta san sa'a ba ta ɗorewa. Don haka ranar Lahadi, da mutanen ƙauyen suka shige coci hanya ta zama tata, sai ta fita ita kaɗai. Ta riƙa ɗaukar kowane dutse a matsayin mota, tana kauce masa hagu, tana faɗin kalmar da ƙarfi kamar mai koya wa jaki karatu. Leszek ya ɗauka maƙabarta take zuwa shan iska, ita kuma ba ta gyara masa ba.

Wata safiya ana yayyafi suna hanyar asibiti, sai ga farar motar Murdo maƙwabcinsu ta ɓullo daga bayan tudu, tana jan keken tumaki. Hannun Halina ya murɗa hagu. Shi da kansa, ba ta ko tuna ba. Har ta fara jin wani daɗi yana taso mata a ƙirji, sai ta ga Murdo ma ya nufo gefen da ta nufa.

Ba da gudu suke ba, amma ƙarar ta isa. Fitila ta tarwatse, ruwa ya fara tsiyaya daga ƙarƙashin motarta, tumaki suka ɗauki kuka. Ta fara duba Leszek. Lafiyarsa ƙalau, ya dai runtse ido.

Murdo ya fito yana dafe da hularsa. Dattijo ne da bai iya faɗa ba, ko da karensa.

"Baiwar Allah, me ya kawo ki nan?"

"Nan ne hagu!"

"Na san nan ne hagu. Ke me kike yi a hagu?"

Ta tsaya tana kallonsa ruwa na sauka mata a wuya. Murdo ya sosa ƙeya.

"Ai in aka hango jar motarki, dama ake bi. Kowa ya sani. Mai wasiƙu, Dolina mai kanti, direban motar makaranta, har fasto. Ni ma da ƙyar na saba, wallahi, rannan na kusa yi wa wata jar mota ta baƙi haka."

"Wa ya ce a yi haka?"

Murdo ya dubi tumakinsa, ya dubi sama, sannan ya dubi cikin motar. Leszek ya sauke gilashi a hankali, ya kira ta da sunan da yake lallashinta da shi.

"Ni ne, Halinka. Na shiga kantin Dolina na roƙe su. Na ce matata ba za ta koya ba, hannunta ya tsufa, su yi haƙuri su riƙa kauce mata. Da kin bugi wani, Kuba zai zo ya kwashe mu."

Ba karon ne ya yi mata ciwo ba, wannan maganar ce. Ashe duk watannin nan ƙauye guda ne ke goye da ita kamar jinjira, ana ɗaga mata yatsa, ita tana zaton sa'a ce. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta kuma ji cewa ya kamata ta gode, amma ba ta da ƙarfin raba su. So take kawai ta zauna a bakin hanya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Laifina ne," in ji Murdo. "Ni ke hannun da ba daidai ba. Haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya, har ɗan naku."

Ta gwada tayar da motarta, ta ƙi. Fuskar Leszek kuwa ta fara yin toka-toka, wankin yau ba na ɗagawa ba ne. Murdo ya sunkuya ya kwance keken tumakin, ya miƙo mata makullinsa.

"Tawa tana tafiya. Ni ba zan bar dabbobi a kan hanya ba. Juya ta a faɗin can ki kai shi."

Ta karɓa. Ta zagaya ta buɗe wa Leszek ƙofa, ta sa kafaɗa ya dafa. Da suka isa jikin motar Murdo, sai Leszek ya ja ya tsaya, ya dube ta, ya dubi tudun da ke gabansu.

"Halinka, wannan fara ce fa. Babu wanda zai kauce miki."

"Na sani," in ji ta. "Shiga, ka yi shiru."