Ranar da Kaza ta Fito da Wuri

A ofishin akwai ma'aikata tara da shugaba ɗaya, kuma babu wanda ke tashi kafin shugaba. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Takardar ɗaukar aiki ƙarfe biyar ta ce. Amma a wannan ɗan kamfanin shirya takardun fiton kaya, kusa da tashar jiragen ruwa ta Surabaya, da biyar ta yi sai kowa ya gyara zama, ya ƙura wa kwamfuta ido, ya kasa kunne ga ƙofar shugaban, Pak Sudarmaji.

Ofishin nasa kuwa ƙofa biyu gare shi. Ta bayan tana sauka kai tsaye wurin ajiye motoci. Akwai Larabar da suka zauna har bakwai saura, ashe mutumin tun biyar da kwata ya sulale.

Lastri ce ta fi kowa cutuwa. Ita ke kula da kwamfutocin ofishin, a garin Mojokerto take zaune, kuma jirgin ƙasanta biyar da arba'in yake tashi. In ya wuce ta, sai na bakwai da rabi, a tsaye, kai a hammatar wani. Daga ofis zuwa tasha minti ashirin da biyar ne a babur.

Don haka wata rana da aka kira ta gyara wa shugaba na'urar buga takardu, ta bar masa tsaraba: layi goma sha huɗu na umarni, a ɓoye cikin kwamfutarsa. Kwamfuta ba ta mutuwa ba sallama. Kafin ta rufe takan sanar da duk shirin da ke aiki a cikinta, ta ba shi 'yan daƙiƙu ya tattara kayansa. Aikin layukan Lastri su cafke wannan sanarwa, su tura hoton kaza a guje zuwa guruf ɗin ma'aikata a waya.

Sai dai akwai gargada. In mutum fita kawai ya yi daga sunansa ya bar na'urar a kunne, sanarwar kan zo da alama. Amma kashewa ta tafiya gida da kashewa ta a sake kunnawa, sanarwarsu iri ɗaya ce sak. Lastri ta san haka, shi ya sa ta ɗaure kazar na minti uku: in kwamfutar shugaba ta farfaɗo a cikinsu, a fasa.

Mako biyu abin yana tafiya kamar agogo. Ofishin ya cika da fara'ar da ba a san dalilinta ba. Bu Endang, uwar ofis mai shekara ashirin da shida a kujera ɗaya, ta fara kawo wa Lastri soyayyar awara da barkono kullum da safe, a leda. Lastri ta kama jirginta sau takwas cikin goma.

Yudha mai bin takardun kwastan ne ya fara ƙorafi.

"Mbak Lastri, minti ukun nan na mene ne? Kazar taki sai ta yi alwala take fitowa?"

"Na tabbatarwa ne, Mas Yudha. In sake kunna ta ya yi fa?"

"Pak Sudarmaji? Mutumin da ke kiranki ki nemo masa inda harafin Q ya ɓuya?"

"Minti uku a titin nan motoci ɗari biyu ne a gabanka, 'yata," in ji Bu Endang, tana turo mata awara.

Lastri ta yi lissafi. Sau biyun da jirgi ya wuce ta, da minti biyu ne da kuma minti ɗaya. Ta goge layi huɗun da ke ɗaure kazar.

Ranar Alhamis, biyar saura minti goma sha biyu, wayoyi tara suka yi motsi a tare. Kaza.

Ba a taɓa samun ta kafin biyar ba. Yudha ya ɗaga hannu biyu sama ba sauti, kamar wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo a gidan makoki. Wasu tagwaye masu aiki a teburin shigar da bayanai suka rungume juna. Bu Endang ta cire takalmin ofis ta zura silifas, ta yi wani ɗan juyi da ba a san tana da shi ba. Cikin daƙiƙa arba'in an kashe fitilu biyu, an rataya jakunkuna, mutum shida sun kifa hular kwano. Lastri na cikinsu, tana dariya, har ta fara tunanin yau za ta samu kujera kusa da taga.

Ƙofar shugaba ta buɗe. Pak Sudarmaji ya fito da kofi a hannu, tabarau a goshi.

"Mbak Lastri, kwamfutar nan ta ce sai ta sabunta kanta, na danna eh, ta mutu ta..." Ya tsaya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Gobara ake yi?"

"Atisaye ne, Pak," in ji Yudha daga cikin hularsa. "Na girgizar ƙasa."

"Da jakunkuna?"

"Girgizar mai tsanani ce, Pak."

Ɗaya daga tagwayen ta toshe baki, dariyar ta fito ta hanci. Lastri ta ga abin ba zai ɗore ba. Ta cire hula, ta rusuna kaɗan, ta faɗi komai: layukan, sanarwar, kazar, minti ukun da ta cire. Ta faɗe shi a jere kamar rahoto, don ta lura in ta sassauta ita ma dariyar za ta ƙwace mata.

Pak Sudarmaji ya nemi ganin kazar. Aka miƙa masa waya. Ya sauko da tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ni ne wannan?"

"Mu ne, Pak," in ji Bu Endang.

"Wato ni kuke jira." Ya ajiye kofin a kan teburin Yudha, a kan takardun kwastan. "Ni aikina tun uku da rabi yake ƙarewa. In leƙo ta labule in gan ku duk kun duƙufa, in ce wane irin shugaba ne zai wuce ta gaban mutanen nan da jaka? Sai in zauna kallon wasan badiminton ba sauti. In na gaji in bi ta baya kamar ɓarawo."

"Shekara nawa, Pak?" in ji Yudha.

"Sha ɗaya."

Bu Endang ce ta fara. Ta zauna a kan kwandon shara tana dariya har da hawaye, sauran suka bi. Shugaban ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, gashin bakinsa ya tona shi.

Da aka lafa, ya juya ga Lastri. Agogon bango ya nuna biyar da minti tara.

"Abin nan naki, ana iya juya shi? Ya riƙa gaya mini in ku kun kashe naku? Zo ki zauna ki nuna mini yadda yake, layi-layi."

Ya koma ya riƙe mata ƙofa. Layi goma ne suka rage, amma ta san ɗalibin. Bayanin zai kai Magariba. Mutum takwas suka zuba mata ido.

"Gobe da safe, Pak," ta ce. Muryar ta fito siririya fiye da yadda ta so. "Jirgina biyar da arba'in ne. Da izininka, zan riga ka."

Pak Sudarmaji ya dubi agogo, ya dube ta.

"To me kike yi a nan har yanzu?"

Ta sauka matakalar bibbiyu. A hawa na biyu ta jiyo su a sama sun yi layi, kowa na neman izini da sunansa, shi kuma yana amsawa ɗaya-ɗaya da muryar mai raba kyaututtuka. Mai babur na farko da ta tare ya tambaye ta ko lafiya, don ya ga tana dariya ita kaɗai.

"Tasha," ta ce. "Kana da minti ashirin da takwas, kada ka yi gudu."