Notin Fiffike

A rumfar gyaran ƙananan jirage akwai ƙa'ida: duk ƙarfen da awoyin tashinsa suka cika, ko yana walƙiya kamar sabo, sai an yanka shi biyu kafin a yar. Auta, makanikiya a rumfar, na shirin yanka notin fiffiken wani jirgin feshin gona, sai ga Kawu ya yi sallama.

Kawu ne ya raine ta bayan rasuwar mahaifinta, a shagonsa na kayan mota ta fara riƙe sifana. Mutum ne da ko tsohon murfin batir ba ya yarwa, sai ya ce wata rana mai shi zai zo.

Ya ɗauki notin yana juyawa. "Auta, wannan za ki lalata? Irinsa buhu guda ne a shagona, amma naku ɗaya ya fi taya huɗu tsada. Wannan ai cuta ce."

"Kawu, naka ana zubo su kamar tsakuwa. Wannan kaɗan ake ƙerawa, a gwada kowanne, a san ranar da zai gaji. Gajiyar a ciki take, ido ba ya gani."

"To ni ina da mai saye. Wani mai jirgi ne, tsadar sabo ta ishe shi. Na riga na yi masa alkawari."

Ba ta taɓa yi masa musu ba, kuma gidansa ne kawai gidan da take da shi.

"Mota in ta lalace, direba ya gangara gefen titi ya kira ka," ta ce. "Wanda ke sama ina zai gangara?"

"Ki bar mini shi, ko kada ki ƙara taka ƙofata."

Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma haushi ya fi shi. Ta zare notin daga hannunsa, ta matse shi a tebur, ta ɗora zarto. Ƙarar ta cika rumfar. Sai da rabin ya faɗi ƙasa ta ɗago, idonta jawur.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki guntun, ya shafa bakin yankan da babban yatsa.

"Ni na koya miki riƙe zarto," ya ce.

"Shi ya sa hannuna bai karkace ba, Kawu."

Ya juya ya fita bai yi mata sallama ba. Guntun dai bai yar ba, a aljihu ya sa.