Turaren Juma'a

Shekara tara da aurena da Juwairiyya, kuma shekara tara ke nan kanta yana ciwo ranar Juma'a. Yakan fara da wani ƙyalƙyali a gefen idonta na hagu, kamar an haska mata madubi. Sai ɓarin kan ya ɗauka, sai amai. Daga nan ta ja labule, ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora a goshi, ta kwanta har bayan la'asar.

Juma'a kuwa ita ce ranar da nake zuwa gaida mahaifiyata, Hajiya Mariamu, a Oko-Oba. Da yake na yi jami'a, ban daɗe ba na gano bakin zaren: matata ba ta son zuwa gidanmu.

Gidanmu gidan fatu ne. Kakana da babana da yayyena duk fata suke saye a mayanka, su zuba mata gishiri, su jibge. Warin ba ya jin sabulu. Shi ya sa mazan gidanmu ba sa tafiya masallacin Juma'a sai sun shafe jikinsu da turaren nan mai maiƙo na 'yar kwalba, wanda in ka shiga motar haya ta danfo da shi sai kwandasta ya waiwayo. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Agege. Ban taɓa ɗaukar fata ba, alli kawai nake taɓawa. Amma na fi su duka shafawa, don kada wani ya shinshino inda na fito.

Tun shekarar farko ta faɗa mini.

"Malam, ina jin turaren nan naka ne yake tayar min da shi."

Na yi dariya. Na yi mata lacca ta minti ashirin a kan yadda mutum yake ƙirƙira wa kansa ciwo idan akwai inda ba ya son zuwa. Ta saurara har ƙarshe, da tsummanta a goshi. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni kuma na ɗauka hujjata ce ta yi aiki.

Hajiya ta yi nata lissafin. "Warinmu take ƙyama," in ji ta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ci gaba da cin tuwona. Bara aka yi bikin ƙanwata, ba a aika wa Juwairiyya anko ba. Bana Hajiya ta ce in daina ɗauko mata gaisuwar da mai ita ba ta iya kawowa da ƙafarta.

Sai Na'Allah, mai sayar mini da turare a bakin kasuwa, ya tafi Sakkwato jinyar wansa, kwalbata kuma ta ƙare. Juma'a uku na je masallaci da ƙamshin sabulu kawai. Juma'a uku Juwairiyya ta yi wanki, ta yi girki, har ta yi wa 'yarmu Raihana kitso tana 'yar waƙa.

Na lura tun ta biyu. Ina so a san wannan.

Da Na'Allah ya dawo, na sayi sabuwar kwalba. Na ce wa kaina sau uku ba hujja ba ce, mai ilimi sai ya gwada. Ranar Juma'a na shafa a gemu, a wuya, a hannun riga, na shiga kicin na tsaya kusa da ita ina tambayarta inda hulata take, alhali tana kaina. Kafin in ɗaura agogo ta fara lumshe idon hagu. Kafin in fita ta yi amai sau biyu.

Gwaji ya yi kyau. Ban ji ko kalma ɗaya daga huɗuba ba.

Da na dawo na yi wanka, na sake kaya, na zauna a ƙofar ɗakin da take kwance cikin duhu.

"Juwairiyya, turaren ne."

"Na sani, Baban Raihana."

"Yau da gangan na shafa."

"Shi ma na sani. Hular tana kanka. Don Allah rage murya, ka sake jiƙo min tsumman nan."

Na jiƙo. Na ba mai gadin layinmu kwalbar, ya yi ta sa mini albarka.

Juma'ar da ta biyo muka tafi Oko-Oba tare. Muna shiga layin warin fata ya tare mu. Na saci kallonta. Ko hanci ba ta toshe ba. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"A'a, yau baƙi daga Turai? Kan ya ba ki hutu ke nan?"

"Ya ba ni, Hajiya."

Hajiya ta miƙe ta shiga ciki. Can sai ga ta da kasko, garwashi ja, hayaƙin turaren wuta yana tashi. A gidanmu haka ake karrama baƙon da ake jin kunyar ya ji wari. Juwairiyya ta sunkuyar da kai. Ta saba.

Na tashi na karɓi kaskon, na kai shi tsakar gida na kifa.

"Abdurrahim! Ka haukace ne?"

"Hajiya, ba warin fata ba ne. Turare ne yake sa mata ciwon. Nawa ne, duk shekarun nan."

Hajiya ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Turare? To ai ta faɗa min, tun tana amarya. Na tambaye ka, ka ce kada in kula, iyayi ne. Ka ce kai ka karanta."

Na manta da wannan. Wallahi na manta.

Hajiya ta buɗe tagogi duka, ta ɗauko mafici ta zauna kusa da Juwairiyya tana kore sauran hayaƙin. "Sannu, 'yar nan. Pele, in ji maƙwabtanmu, sannu dai. Matso nan, nan ya fi iska."

Ni ba wanda ya ce in zauna. Na koma tsakar gida na tsuguna ina kwashe garwashin.