Ruwan Roba a Makokin Harka

"Ka sauke su a waje," in ji Fulmaya, ta tare ƙofa da jikinta.

Birendra ya tsaya rungume da kwalayen ruwan roba. Isowarsa ke nan daga birnin Siliguri, gawar mahaifinsa Harka na ɗaki, ga wata tsohuwar maƙwabciya ta hana shi shiga gidan ubansa.

"Inna, baƙi ƙasa za su sha?"

"Su sha shayi, kamar mutane."

Harka ya ƙare ƙuruciyarsa a zaune a goshin jirgin ƙasa mai tururi, yana watsa yashi a kan dogo don kada ƙafafun jirgin su zame a hawan dutse. Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar matan garinsu Kurseong masu tsince roba a bakin layin dogo, shi kaɗai ne namiji, kuma ya fi su masifa. Shekaranjiya, yana numfashi da ƙyar, ya damƙe hannun Fulmaya.

"In aka shigo da roba makokina, tashi zan yi in tsince. Ke zan fara nema."

Ta yi masa alkawari. Ta kuma san halinsa.

Birendra ya ce ai ya riga ya saya a wani kanti a Siliguri, bai san inda zai kai su ba. Suna cikin haka jirgin ya biyo ta kasuwa yana huci, yana gogar rumfuna, don dogon ta ƙofar gidan ya bi. Fulmaya ta taka tsakiyar dogo ta ɗaga lema. Direban, wanda ya yi aiki da Harka, ya leƙo.

"Yaya, mutuwa ɗaya ba ta ishe mu ba?"

"Siliguri za ka? Mai da wa mai kanti kayansa. Don Harka za ka yi."

Direban ya dubi farin ƙyallen makokin da ke ƙofar, ya cire hula. Ya ce doka ta hana ɗaukar kaya a kan injin, sannan ya miƙo hannu. Birendra da kansa ya ɗora kwalayen bisa gawayi, yana gunaguni.

Kafin la'asar kowane gida ya aiko da kofunan ƙarfe, har da na wata amarya masu suna a jiki. Birendra na tsugune bakin famfo, ya naɗe hannun riga, yana wanke su ɗaya bayan ɗaya. Fulmaya ta zauna a bakin dogo da nata shayin, ya huce ba ta sha ba.