Gurbin Da Ba Ya Neman Lamba

Mako uku cur takardar ta yi a akwatin gaban motar Mukhtaru, tsakanin wani tsinkakken carbi da kwalin maganin ciwon kai. Kullum in ya tsaya jiran fasinja sai ya ciro ta ya karanta, ya mayar, kamar mai sa ran rubutun zai gaji ya canza da kansa.

Mukhtaru direban tasi ne a Makka, haifaffen unguwar Hindawiyya, jikan wani alhaji da ya taho daga Kano a ƙafa. Yana da katin ɗan ƙasa, yana da mata da 'ya ɗaya, Nora, yana kuma da ciwon da ba likitan da zai raba shi da shi, wato ƙwallo. Shekara goma sha huɗu yana horar da samarin unguwa a wani fili mai tsakuwa bayan garejin gyaran motoci, ba albashi, ba ko na gode sai jefi-jefi. Ƙungiyar ma ba ta da tsayayyen suna. Wasu su ce 'yan bayan gareji, wasu su ce yaran Kabtin Mukhtar, waɗanda suka sha kashi a hannunsu kuwa suna da nasu sunan da ba zai maimaitu ba.

Sau biyu a jere suka ci kofin unguwanni, shi ya jawo takardar. Masu shirya gasar ƙungiyoyi masu rajista ne suka gayyace su su hau rukuni na sama: fili mai ciyawa, alƙalin wasa na gaske, ga masu farautar 'yan wasa daga manyan kulob suna zuwa kallo. Shafin farko ke nan, kuma duk wanda ya karanta shi sai ya yi murmushi. Shafi na biyu layuka ne ashirin da biyar, kowane layi da gurbi biyu, na suna da na lambar hawiyya ko iƙama, wato katin ɗan ƙasa ko na izinin zama.

Kabo ba shi da ko ɗaya.

Shi ne golan ƙungiyar tun ranar da aka kafa ta. Sunansa na yanka Mahadi, amma sunan garin mahaifiyarsa ne ya bi shi. Ita ta zo aikin Hajji ta zauna, ta haife shi a nan, ta rasu a nan, ba ta bar masa takarda ko ta naɗe ƙosai ba. Shekararsa talatin da ɗaya bai taɓa ganin garin da ake kiransa da shi ba. Dako yake yi a kasuwar kayan miya, lokacin Hajji kuma ya tafi Arfa wanke tukwane. Amma in ya tsaya a raga, wallahi sai ka ce shi ya gaji filin. Da Hausa yake ba da umarni, da ƙarfi, don abokan karawa kada su gane: "Bar mini! Tawa ce! Bayanka!" Samarin da ko kakanninsu suka yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, a bakin Kabo suka koyi ɗan abin da suka iya.

Ga Kabo ke nan. Ga kuma Ayman, ɗan shekara sha tara, mai cin ƙwallo da ƙafa biyu, wanda in ya ƙara shekara biyu a kan tsakuwa ba mai ganinsa, shi ke nan an yi asararsa. Akwai irinsa huɗu ko biyar. In an hau, Kabo ya fita. In an zauna, an danne yaran. Mukhtaru ya rasa inda zai sa kansa, sai ya yi abin da maza da yawa suke yi in sun rasa dabara, ya yi shiru ya bar kwanaki suna tafiya.

Matarsa Sa'adiya ce ta tono shi. Ran nan yana kai ta Aziziyya wajen yayarta, ta buɗe akwatin tana neman maganin ciwon kai, takarda ta faɗo mata a cinya. Ta karanta shafi biyun tsaf, ta duba ranar rufe rajista, ta dube shi.

"Baban Nora, saura kwana huɗu fa."

"Na sani."

"Yaran sun sani?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya danna wa wata bas hon ba gaira ba dalili.

"Don Kabo ne," ta ce. Ba tambaya ta yi ba.

"To ya zan yi, Sa'adiya? In dube shi in ce masa halas, an gama, mun gode, mun ci kofi da hannunka, yanzu koma gefe?"

"Ni ban ce ka ce masa komai ba. Na ce dai takardar nan ba sunanka ne a kai kai kaɗai ba. Ka ɓoye wa mutum sama da ashirin abinsu, kana kiran haka tausayi."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Amma maimakon ta kai shi ga hanya, sai ta kai shi ga wata dabara da ya daɗe yana kora tana dawowa. Yana da ɗan 'yar'uwa, Taha, dogo baƙi kamar Kabo, wanda ko ƙwallon talabijin ba ya kallo. A sa lambar Taha, Kabo ya tsaya a raga. Wa zai tsaya ƙare wa gola kallo?

Washegari bayan azahar ya sami Kabo a kasuwa, ya sauke buhunan albasa yana shan ruwa a inuwar wata babbar mota. Mukhtaru ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya fito da maganar a hankali kamar mai fitar da ƙaya.

Kabo ya saurare shi har ƙarshe, sai ya yi dariya. "Yaya Mukhtaru, ai duk unguwa an san an aiko muku. 'Yan Aziziyya sun sami tasu rana ɗaya da ku. Ni jira nake in ga yaushe za ka gaji da ɗaukar ta kai kaɗai."

Kunya ta kama Mukhtaru. "To ka ji dabarar. Me ka gani?"

"Kayan aro ba ya rufe katara, Yaya."

"Kai dai ka amsa, sauran ka bar mini."

"In suka ce a ɗora yatsa a na'ura fa? Kai tara za a ci ka, Taha ya shiga uku, ni kuma sai tarhil. A sa ni a jirgi a sauke ni a ƙasar da ban san ko hanyar masallaci ba." Ya juye sauran ruwan a kansa. "Kuma ko ba wannan. Shekara talatin da ɗaya sunana bai taɓa hawa takarda ba. Ranar da zan fara shiga, sai in shiga da sunan wani? A'a wallahi. In na tare ƙwallo a ce Taha ya tare?"

Mukhtaru ya zo ne da niyyar ceton mutum, ya tarar mutumin ya fi shi sanin inda ramin yake.

"Ka tara yara gobe bayan la'asar," in ji Kabo. "Ka karanta musu duka, har shafi na biyu."

Haka aka yi. Suka zauna a kan tsakuwa, rana ta yi sanyi kaɗan, Mukhtaru ya karanta. Da ya gama shafin farko suka ɓarke da ihu, Rakan, golan ko-ta-kwana da bai taɓa buga wasa cikakke ba, har da tsalle. Da ya karanta na biyu sai ihun ya mutu. Ba wanda ya dubi Kabo, kuma wannan ƙin kallon ya fi kallon ciwo.

Ayman ne ya miƙe, idonsa ya yi ja. Da Larabci ya fara, sannan ya juya ga guntuwar Hausarsa don maganar ta isa inda yake so. "Ya Kabtin, mu ba mu zuwa. Babu Kabo, babu mu. Halas."

Wasu suka ce haka ne. Mukhtaru ya ji wani sanyi a ransa, kuma gaskiyar magana, daɗi ya ji. Ga mafita ta zo da kanta, ba da hannunsa ba.

Sai Kabo ya tashi, safar hannunsa a hannu. "Zauna, ya walad. Wa ya aike ka?"

"Ammu Kabo, ai kai ne..."

"Na ce zauna. Kai kana tsammanin na yi shekara goma sha huɗu ina faɗuwa a kan duwatsun nan, gwiwata duk tabo, don ku ma ku tsufa a kansu? In kun zauna saboda ni, kullum na gan ka kana tura amalanke a kasuwa sai in ce ni na jawo. Ba zan ɗauki wannan ba, buhunan da nake ɗauka sun ishe ni." Ya juya ga Mukhtaru. "Kabtin, a ɗaga hannu. Wa ya yarda a hau?"

Bai jira kowa ba ya ɗaga nasa. Shi kaɗai, hannu a sama, ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi in zai tsara katanga, har kowa ya ɗaga. Ayman ne na ƙarshe, yana kuka a fili ba kunya. Kabo ya jefa wa Rakan safar. "Ta yi maka yawa, amma za ka cika ta. Kuma in ka fito kamun ƙwallo ka buɗe baki, kada ka fito shiru kamar ɓarawo."

Ranar rufe rajista da hantsi Mukhtaru ya je ofishin, ya cike layuka ashirin da huɗu, suna da lamba, suna da lamba. Na ashirin da biyar ya bar shi fari. Ma'aikacin, wani saurayi mai fara'a, ya duba ya turo masa takardar.

"Ya Kabtin, ka manta na sama. Sunan ƙungiya."

Mukhtaru ya duba. Gaskiya ne, akwai wani dogon gurbi a can sama, bai taɓa lura da shi ba a duk karatun da ya yi wa takardar, don idonsa kullum a ƙasa yake. Ya tsaya da biro a hannu. 'Yan bayan gareji ba sunan da za a kai gaban mutane ba ne.

"Wannan ma yana son lamba?" ya tambaya.

Saurayin ya yi dariya. "La, wannan suna kawai. Duk abin da kuke so, in dai ba wanda ya riga ku."

Mukhtaru ya sunkuya ya rubuta. Saurayin ya karanta, ya ɗaga gira. "Kabo? Mene ne Kabo?"

"Mai tsaron gidanmu ne."

Saurayin bai gane ba, bai kuma damu ba. Ya shigar a na'ura, ya buga hatimi, ya ba shi kwafi ɗaya.

Mukhtaru bai koma aiki ba, kasuwa ya wuce. Ya sami Kabo da buhu a kafaɗa, ya jira ya sauke, ya miƙa masa takardar. Kabo ya goge hannunsa a wando sau biyu kafin ya karɓa. Karatunsa na allo ne, a hankali yake bi, yana motsa leɓe. Ya fara daga ƙasa, inda ya san ba ya ciki, ya bi sunayen yaran ɗaya-ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya kai sama sai leɓensa ya tsaya.

Masu amalanke suna ta ce masa ya ba da hanya, bai ji ba.

"Yaya Mukhtaru," ya ce daga baya, "wannan hatimin na hukuma ne?"

"Na hukumar ƙwallo ne kawai, Kabo. Kada ka ɗauka wani abu ne. In aka tare ka a hanya ba abin da zai yi maka."

"Na sani."

"Ba zai sa ka buga ba. Ranar wasa a wajen 'yan kallo za ka zauna."

"Na ce na sani, Yaya."

Ya ninke takardar gida huɗu, a hankali, ya daidaita gefunanta. Ya sa ta a aljihun gaban rigarsa, inda sauran mutane suke sa katinsu, ya maɓalle. Mai albasa ya ƙwala masa kira daga bayan mota, ya amsa, ya sunkuya ya ɗauki buhu na gaba da hannu ɗaya, abin da Mukhtaru bai taɓa ganin ya yi ba. Ɗaya hannun yana dafe da aljihun.