Teburin Bakin Taga

Mutanena, ina gaisuwa. Masu bina don dariya, yau ku yi haƙuri, labarin da na kawo ya fi ƙarfin bakin nan nawa da kuke cewa ba ya hutawa.

Akwai wani gidan abincin 'yan Sin a titin da masu yawon buɗe ido suke cika kamar an zubo su daga buhu. Jajayen fitilu a ƙofa, kifaye na iyo a akwatin gilashi suna jiran wanda zai nuna su da yatsa. A nan wani saurayi yake aiki, ana ce masa Kwalisa saboda gashinsa ba ya rabuwa da mai. Aikinsa tarbar baƙi da zaunar da su, kuma kada ku raina aikin nan. A gidan, teburin bakin taga talla ne. Wanda ya sha ado, mai kyamara a wuya, shi ake ajiyewa a can don na waje su gani su shigo. Ire-irenmu kuwa can ƙurya, kusa da ƙofar kicin, inda hayaƙin tafarnuwa zai yi maka turare kyauta. Madam, mai gidan, ita ta kafa dokar, kuma ta yi wa Kwalisa alkawarin shugabancin ma'aikata don ya iya karanta mutum tun daga takalminsa.

Karatun takalmin nan a gida ya koya. Babansa mai gyaran takalmi ne, a tsallaken titin, ƙarƙashin wata tsohuwar lema, daidai saitin tagar. Tun Kwalisa bai iya ɗaure igiyar takalmi ba Baba yake wurin. Kullum sai ya goge rigarsa, ya daidaita hula, ya zauna a miƙe. In an tambaye shi wannan kwalliya ta mece ce, sai ya nuna tagar da baki ya ce, "Mutane na cin abinci suna kallona. Ba zan ɓata musu ci ba."

Sai idon Baba ya fara tafiya. Da farko zare ya daina shiga allura, daga baya ya koma gane abokan ciniki da murya. Likita bai ɓoye masa ba: abin da ya rage ba zai daɗe ba. Baba ya bar wa maƙwabcinsa lemar da akwatin kaya, ya dawo gida.

Wata ranar Asabar da tsakar rana, gidan ya cika maƙil, Kwalisa ya ɗaga kai ya ga yayarsa a ƙofa riƙe da hannun Baba. Riga a goge, hula a daidai.

"Yaya, lafiya? Yau fa ba ranar ziyara ba ce."

"Ka tambaye shi. Tun safe yake min rigima kamar yaron goye."

Baba ya ce, "Abinci na zo ci. Ko an hana masu gyaran takalmi?" Sai ya rage murya. "A bakin tagar nan nake so ka zaunar da ni. Ina so in ga wurina daga ciki, yadda suke ganina. Sau ɗaya, kafin a kashe fitila."

Kwalisa ya waiga ya kalli teburin. An riga an ajiye wa Mai Tuta teburin tagar, jagoran da ke kawo baƙi mota guda, yana tafe da 'yar tutarsa suna binsa kamar 'yan tsaki. In ransa ya ɓaci sai ya kwashe su zuwa gidan da ke gaba, kuma Madam ba ta yafe wannan.

"Baba, akwai wani wuri mai kyau a ciki, ga iska..."

"Iskar kicin?" in ji Yaya. "Kai, ka ji kunya."

Baba ya gyara hula kawai, ya ɗan juya jiki kamar mai shirin komawa. Wannan juyawar ce ta gama da Kwalisa. Ya cire katin sunan Mai Tuta da ke kan teburin ya cusa a aljihu, ya ja kujera.

"Bismillah, ranka ya daɗe."

Ya kawo koren shayi, ya kawo taliya mai tururi da gasasshiyar agwagwa. Baba ya laluba ya ji tsinkayen cin abinci, ya juya su a hannu.

"Waɗannan fa? Ɗinki za mu yi?"

"Da su ake ci, Baba."

"To Allah ya ba su haƙuri. Miƙo min cokali."

Yaya ta yi dariya har da share ido. Baba bai taɓa abincin ba. Ya matsa fuska jikin gilashi har numfashinsa ya yi masa hazo, ya ƙanƙance ido, ya buɗe, ya sake ƙanƙancewa. Motoci sun zame masa inuwa, mutane sun zama launi mai motsi.

"Auta," ya ce, don shi bai taɓa kiransa Kwalisa ba, "duba min. Ana ganin wurina sosai daga nan, ko?"

Kwalisa ya sunkuya daidai kafaɗar Baba ya duba. Kun san mai aiki a tsaye yake yini, Kwalisa bai taɓa zama a kujerar nan ba. A tsaye ana hango lemar. A zaune kuwa, babu abin da ake gani sai bayan ƙaton allon da ke waje, mai hotunan abinci, wanda ya girmi aikin Kwalisa a gidan. Allon ya rufe lemar, ya rufe bencin Baba, ya rufe komai. Duk wanda ya taɓa cin abinci a teburin nan bai taɓa ganin Baba ba.

Daidai lokacin Mai Tuta ya shigo da rundunarsa. Ya kalli teburinsa, ya kalli tsohon, ya kalli Madam. Madam ta taho da murmushin da ba ya kai ido.

"Kwalisa, zo."

"Ina zuwa, Madam."

Bai je ba. Waje ya fita, ya rungumi allon nan mai ƙafar ƙarfe, ya ja shi ƙiiii a kan siminti har masu wucewa suka toshe kunne. Ya jingine shi jikin bango, ya dawo yana haki, man gashinsa na gangarowa.

"Ana gani, Baba. Ras. Ga lemar can, ga bencinka, ga maƙwabcinka yana ɓata wa wata mata takalmi."

Baba ya juyo da fuska wajensa.

"Me ka ja a waje?"

"Wani abu ne ya tare hanya."

"Ido ne ya tafi, Auta, kunne na nan. Allon nan ne. Da shi nake gane an buɗe gidan, ƙararsa kullum safe." Ya shafa gaban rigarsa a hankali, daga wuya zuwa ƙasa. "Ashe allo nake wa guga duk shekarun nan."

Yaya ta kawar da kai.

Baba ya sake kai fuska jikin gilashin. "Wancan shuɗin-shuɗin, ita ce?"

"Ita ce lemar."

"Ta yi ƙanƙanta." Ya ci gaba da kallo har shayin ya huce. Sannan ya ce, "Amma a miƙe take. To, na gani." Ya ɗauki cokali.

Mai Tuta ya riga ya juya da mutanensa zuwa gidan gaba. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta jira har Baba ya cinye taliyarsa, ya ce agwagwar ta yi amma sun cika zaƙi, Yaya ta kama hannunsa suka fita. Sannan ta ce wa Kwalisa daga gobe wani ne zai tsaya a ƙofa, shi ya koma ɗaukar kwanuka a ƙurya. Ta ƙara da cewa ya mayar da allon inda yake.

Ya mayar. Da ya ɗago, ya hango Baba a tsallake, ya tsaya gaban lemar yana gaisawa da maƙwabcinsa. Hular tana hannunsa, ya cire ta.

To mutanena, ni abin da ya hana ni sakat ke nan. Da bai taɓa allon ba, ya ce kawai "ana gani, Baba," da tsohon ya koma gida da hularsa a kai. Ku da kuka iya hukunci daga kan kujera, in ku ne a sunkuye bayan kafaɗar nan, me za ku yi?