Kwana Tara a Ɗakin Duhu

"Kwana nawa kan ya yi ciwo a watan nan, Mama?" in ji likitar, biro a hannunta.

Mai ɗinki ta zuba wa takalmanta ido. Da ita kaɗai ce, amsar ba wuya. Amma ga maigidanta a gefe, rungume da jakarta, mutumin da bai taɓa rako ta asibiti ba sai yau da zaman gida ya ishe shi.

Shekara ashirin da shida tana fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso, haske ya soke ta a ido, ƙarar cokali ta zama guduma, sai amai. Ta shige ɗaki ta ja labule, gida ya yi tsit. Ranar wani ne zai juya surukarta da ke kwance, wani zai yi wa jikoki uku wanka, masu karɓar ɗinki su zo su koma.

Wata uku ke nan ana yi mata sabuwar allura, sau ɗaya a wata. Likitar ta ce jijiyoyin kai ne ke sakin wani ɗan sinadari mai kai saƙon ciwo, allurar kuma tare masa hanya take yi. Ta kuwa tare. Ranar da ta fara wayar gari da kai sakayau har hawaye ta yi. Daga nan fa aiki ya san ta warke. Sati shida tana tsaye daga murhu zuwa keken ɗinki, ko sannu babu. Ran nan da hantsi, ba ciwo ba komai, ta dafe goshi ta shige ɗaki. Rabonta da barci irin na ranar tun tana budurwa. Tun daga ranar ta riƙa maimaitawa.

"Tara," in ji maigidan. "Tara cif. Ai ni na sha wahalarsu."

Likitar ta ajiye biro. "Kafin allurar goma ne, Baba. In tara ne yanzu, ba ta karɓe ta ba ke nan. Sai kwanakin sun ragu da rabi muke ci gaba. Mutane da yawa na layi suna jira."

"To a ba su mana. Dama na faɗa, gado ne. Uwarta ma da shi ta tafi."

Mai ɗinki ta tuna ciwon na gaskiya, bokiti a gefen gado, ido ɗaya kamar ana ƙwaƙule shi da ƙusa. 

"Ɗaya ne, likita. Shi ma rabin yini."

Maigidan ya juyo gaba ɗayansa. "Ɗaya? Sauran takwas ɗin fa? Ni da na ƙona tukunya biyu? Na ɗaga Inna har bayana ya riƙe?"

"Kwanciya na yi."

Likitar ba ta ɗago kai ba. Ta daɗe tana rubutu, sannan ta ɗauko allurar ta ce, "Naɗe hannun rigar, Mama."

Suka shiga bas. Sai da suka kusa sauka ya ciro waya ya kira ƙanwarsa, da ƙarfi yadda duk motar za ta ji.

"Ta warke, garau take, likita ma ta shaida. Gobe ki kawo yaran su yini. Ki haɗo da ɗinkin nan naki."

Sun tarar da kwanuka jibge a tsakar gida. Jikoki suka yo kanta, tsohuwa na kira daga ciki. Ta je ta juya ta, ta ba ta magani, ta gyara mata matashi. Ta ɗora tukunya. Sannan ta wuce ɗakinta, ba ta ko dafe goshi ba.

Ba a jima ba aka buga ƙofa.

"Ke, yanzu kuma mene ne? Kan ne?"

"A'a, Malam. Lafiyata ƙalau."

Ta murza makulli.

"Abinci na kan wuta. In ya tafasa ka rage."